Shekarun Ganiyar Ɗan Maraya Jos: Gwangwanin da Ya Yi Magana da Yawun Talaka

Duk wanda ya taɓa ratsa tashar manyan motoci ta Malanville da asuba ya san yaron nan da ke kwance ƙarƙashin tirela, ya shimfiɗa kwali, ya yi matashi da jarkar ruwa. Shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen kwanciya. Shi ke ɗaure tamfol, shi ke kwance taya idan ta fashe tsakanin Kandi da Paraku, shi ke gadin kaya lokacin da direba ya shiga gari neman abinci. Mu a nan aparanti muke ce masa, 'yan uwanmu na Najeriya kuwa karen mota suke kiransa. Bayan da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya a shekarar 2023, mun ga irin waɗannan yara da idonmu, jere a bakin hanya mako bayan mako, suna jiran ranar da za a ce mota ta tashi.

Fiye da shekara hamsin da suka wuce, wani saurayi a garin Jos ya dubi wannan yaro, wanda ba shi da sarauta, ba shi da doki ko babbar riga da zai ba maroƙi, ya ga ya cancanci a yi masa waƙa. Saurayin nan shi ne Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, kuma "Waƙar Karen Mota" ce ta fara fito da sunansa. A yau za mu waiwayi shekarun ganiyarsa, wato daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1980, mu duba abin da ya haɗu a wannan tsakani har gwangwani mai tsirkiya ɗaya ya cika kunnen Hausawa daga Filato zuwa bakin kogin Isa, inda muke zaune.

Maraya a garin kuza

An haifi Adamu a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Bukuru gari ne da haƙar kuza ta raya. Tun farkon mulkin Turawan Ingila kamfanoni suka buɗe ramukan kuza a tsaunukan Filato, Hausawa kuwa suka kwararo daga Kano, Katsina, Zazzau da Sakkwato, wasu leburori, wasu fatake, wasu malamai, wasu makaɗa. Sun tarar da masu ƙasa, Birom da maƙwabtansu, suka kafa unguwanninsu, suka naɗa nasu sarakunan Hausawa. Wannan zama mun san irinsa, domin mu ma a Garou da Malanville tsakanin Dandawa da Fulani da Zabarmawa muke, da Hausarmu a cikin gida, da Dandanci a kasuwa, da Faransanci a lakwal.

Mahaifin Adamu makaɗin fadar Sarkin Bukuru ne. Ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar yaron, mahaifiyar ma ta bi shi tun jaririn bai san fuskarta ba. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya bi shi har kabari. Tun yana ƙarami zuciyarsa ta karkata ga kiɗa. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri, kafin ma ya balaga, ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Bai sake rabuwa da shi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin kuntigi ba: gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya. Shi ke nan. Akwai abin lura a nan: kuzar da ake haƙowa a Bukuru ana kai ta Turai, kuma ɗaya daga cikin manyan ayyukanta shi ne shafe ƙarfen da ake yin gwangwani da shi don kada ya yi tsatsa. Arzikin ƙasar ya tafi a jirgin ƙasa, gwangwani ya dawo a kantin Bature, aka cinye kifin aka jefar, maraya ya tsinta ya mai da shi abin magana.

'Yancin mai kaya marar nauyi

Don a gane abin da Ɗan Maraya ya yi, sai an tuna yadda sana'ar waƙa take a ƙasar Hausa lokacin da ya taso. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suna da iyayen gida, sarakuna, waɗanda ke ba su doki da riga da hatsi. Mamman Shata, wanda ya girme shi da shekara 23, ya fita daga wannan tsari ya yi wa kowa waƙa, amma yana tafe da makaɗan kalangu da 'yan amshi da sanƙira, jama'a guda da ke jiran ci da sha da kuɗin mota daga abin da aka samu a filin wasa. Mai irin wannan ayari dole ya san inda masu hannu da shuni suke. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai ne. Shi ne mai tsara waƙa, shi ne mai rerawa, shi ne makaɗi, kuntigin ne ɗan amshinsa. Kayan sana'arsa duka suna shiga aljihun riga. Wanda nauyinsa bai wuce haka ba yana iya zaɓen wanda zai yi wa waƙa ba tare da ya tambayi abin da ke aljihun mutumin ba. Ba muna cewa bai taɓa yi wa manya waƙa ba. Ya yi, kamar kowane mawaƙin Hausa. Ba kuma shi ya fara waƙar masu sana'a ba: Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe da manoma, Kassu Zurmi ya yi wa mafarauta da 'yan tauri. Sai dai waɗannan sana'o'i ne na gado, masu kirari da tarihi da sarautunsu. Karen mota sabon mutum ne da zamanin mota ya haifa, ba shi da kirarin kaka da kakanni, sunan da aka laƙaba masa ma na raini ne. Ɗan Maraya ya ɗauki sunan rainin nan ya sa shi a bakin rediyo, ya lissafa wahalar mai shi, ya nuna cewa daga nan ake zama direba.

Yadda yake sarrafa kuntigin ma abin nazari ne. Kowace waƙa tana da ɗan gajeren kiɗa da yake maimaitawa da sauri a tsakanin baitoci. Idan ya buɗe baki kuwa, sai tsirkiyar ta bar wancan salo ta bi muryarsa, tana hawa inda ya hau, tana sauka inda ya sauka. Hausa harshe ne mai karin sauti, ma'anar kalma tana canzawa da hawa ko saukar murya, saboda haka tsirkiyar da ke bin karin magana kusan magana take yi. Shi ya sa mai sauraro ke jin kamar mutum biyu ne ke hira.

Yaƙi, rediyo da kaset

A shekarar 1967, lokacin da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke, Ɗan Maraya yana saurayi. Ya yi waƙoƙi da yawa na ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya, yana zayyana fagen fama kamar mai ba da labarin abin da ido ya gani. Kafin yaƙin ya ƙare a watan Janairun 1970, sunansa ya riga ya fita daga Filato.

Abin da ya kai shi nesa shi ne rediyo. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, yana watsa shirye-shiryensa a gajeren zango, kuma iska ba ta tsayawa a shingen duwan. Ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya shiga ƙauyuka a waɗannan shekaru. Dattawanmu suna ba mu labarin yadda ake kewaye akwati ɗaya bayan sallar lisha, ana jiran zaɓi sonka, kowa ya yi tsit idan aka ji ƙarar kuntigi. Bayan rediyo sai kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwanninmu a shekarun 1970. Faifan garmaho yana son teburi da natsuwa, kaset kuwa yana shiga aljihu, yana shiga mota. A lokacin nan jirgin ƙasa daga Kwatano a Paraku yake tsayawa, daga nan sai manyan motoci su kwashi kayan Nijar su biyo ta Kandi, su ƙetare gadarmu zuwa Gaya, Doso da Yamai, wasu su karkata zuwa Maraɗi. Hanyar da kaya suka bi, ita waƙa ta bi. Karen mota ya ji waƙar kansa a cikin motar da yake yi wa hidima.

Shekarun nan kuma na juyin rayuwa ne. A Najeriya kuɗin man fetur ya shigo, aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a farkon 1973, sababbin attajirai suka tashi cikin dare ɗaya, kayan aure suka yi tsada, samari suka bar gona suka nufi birni. A arewacinmu kuwa farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, ya kori jama'a daga garuruwansu, har ya taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Mu ma a nan ƙasarmu ta sauya suna daga Dahomi zuwa Benin a ƙarshen Nuwamban 1975, ƙarƙashin Mathieu Kérékou. Wani ya ƙoshi har ya rasa inda zai sa kuɗi, wani kuma ya rasa mudun gero. Jama'a na bukatar wanda zai faɗa musu abin da ke faruwa da su, cikin harshen da suke ji.

Waƙoƙin da suka zama madubi

A nan ne Ɗan Maraya ya yi zarra. "Mai Akwai da Babu" ta ɗauki mai dukiya da matalauci ta ajiye su gefe da gefe, ta tuna wa kowannensu cewa Ubangiji ɗaya ya yi su, kuma rabo a hannunsa yake. A zamanin da sabon kuɗi ke sa mutum ya manta da abokin wasan ƙasarsa, wannan magana ta fi wa'azin mimbari saurin shiga, domin tana zuwa da dariya. "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali" kuwa sunanta ma ya zama karin magana a bakin jama'a, har wanda bai taɓa jin waƙar ba yana faɗinsa idan wani ya ba shi mamaki.

Amma inda ya fi zurfafawa shi ne cikin gida. "Jawabin Aure" ta lissafa ɓarnar da saki ke haifarwa, ta roƙi ma'aurata su sasanta kafin a kai ga takarda. "Auren Dole" ta tsaya a gefen yarinyar da iyaye suka yanke wa hukunci ba da shawararta ba. A tuna cewa namiji ne ke wannan magana, a shekarun da mutane da yawa ba su ɗauki ƙin yarinya a bakin komai ba, kuma a rediyon da uban yarinyar ke sauraro. "Gulma-Wuya" ita ce ta fi kama da wasan kwaikwayo: wata mata ce mai yawon gidaje, tana haɗa baki da boka, tana hure wa matan aure kunne su bar mazajensu. Ɗan Maraya yana shiga bakin kowane ɗaya daga cikinsu ya yi magana da muryarsa, sai ka ga ɗakin, ka ga tabarmar, ka ji raɗar. Darasinta tsoho ne, cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma tufar da ya sa masa ta zamaninsa ce.

Abin da ya haɗa waɗannan waƙoƙi shi ne babu uban gida a cikinsu. Babu wanda za a je wa washegari a karɓi tukuici. Jama'a ce uban gidan, abin da take biya kuwa shi ne ta saurara, ta sayi kaset, ta riƙe a ka.

Takwaransa a ƙetaren teku

Masu nazarin kiɗan Amurka suna da wasu shekaru da suke ware wa Stevie Wonder, makahon mawaƙin nan na kiɗan sol, su ce su ne ganiyarsa. Labarin yana taimaka mana mu gane na Ɗan Maraya. An haifi Stevie a 1950, kamfanin Motown ya ɗauke shi tun yana yaro, yana zaɓa masa abin da zai rera da yadda zai rera. Da ya cika shekara 21 a 1971, sai ya ƙi ci gaba a kan tsohon sharaɗi, har kamfanin ya yarda ya bar masa ragamar aikinsa. Abin da ya biyo baya fayafayai biyar ne cikin shekara biyar: Music of My Mind da Talking Book a 1972, Innervisions a 1973, Fulfillingness' First Finale a 1974, sai Songs in the Key of Life a 1976. Uku na ƙarshen kowanne ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara. A yawancin waƙoƙin shi ya tsara, shi ya rera, shi ya kaɗa mafi yawan kayan kiɗan. Kuma da ya samu 'yanci sai ya juya ga talakan birni, ga baƙar fatar da ya baro ƙauye ya faɗa hannun 'yan sanda, ga shugabannin da ke alkawari ba cikawa. Lokacin da aka ba shi kyautar 1977 ma yana Legas, inda ya je bikin FESTAC.

Ɗaya yana da ɗakin ɗaukar murya cike da na'urorin lantarki, ɗaya yana da gwangwanin kifi. Amma sharuɗɗan ganiyar iri ɗaya ne: mawaƙi ya mallaki bakinsa, a samu hanyar da za ta kai muryarsa nesa, a kuma samu jama'ar da zamani ya rikita tana neman mai yi mata bayani. Stevie ya ƙwaci 'yancinsa a kan takardar yarjejeniya. Ɗan Maraya ya samu nasa ne ta hanyar rage abin da yake bukata.

Kada kuma a zaci kiɗan sol bai iso ƙasarmu ba. A shekarun nan ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano tana haɗa salon James Brown da kiɗan gargajiyar kudu, a Paraku kuma Super Borgou ta Moussa Mama tana kaɗa jita da harsunan arewa. Saurayin Malanville na wancan lokaci yana iya taka rawar jita ranar Asabar da dare, ya wayi gari da kuntigi a shagon tela.

Bayan ganiya

Ganiya ba ta dawwama ga kowa. Daga 1990, lokacin da finafinan bidiyo na Hausa suka fara fitowa a Kano, kunnen matasa ya koma ga fiyano da waƙoƙin soyayya na fim. Ɗan Maraya bai daina waƙa ba. Ya zama dattijon da ake gayyata manyan taruka, ya kai kuntigi ƙasashen waje, gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girmamawa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Amma waƙoƙin da ake nema idan an ambaci sunansa har yau na wancan zamani ne. Jos da ya ɗauki sunanta ta sha rikici a 2001, 2008 da 2010, rikicin da tushensa ke komawa ga tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Bai bar garin ba. A can Allah ya karɓi ransa ranar 20 ga Yunin 2015.

Abin da ya rage mana

Dalilinmu na kawo wannan tarihi a wannan shafi biyu ne. Na farko, Ɗan Maraya ba ɗan Kano ba ne, ba ɗan Katsina ba ne. Bahaushen gefe ne kamar mu, wanda ya girma yana jin harsunan wasu a kasuwa. Duk da haka Hausarsa ce ake nazari a jami'o'i, ita ce Kanawa da Katsinawa suka haddace. Sau da yawa yaranmu kan ji nauyin buɗe baki gaban baƙi daga Najeriya, wai Hausarsu ta gauraya da Dandanci da Faransanci. Su sani cewa wanda ya zauna a gefe yana ganin abin da na tsakiya ba ya gani. Mai yiwuwa zaman Bukuru, tsakanin leburori da direbobi da baƙin ko'ina, shi ya buɗe wa Ɗan Maraya ido ya ga karen mota.

Na biyu, abin da ba a adana ba ya tafi. Waƙoƙin Super Borgou na 1970 zuwa 1976 sun kusa ɓacewa, sai da wani kamfanin ƙasar Jamus mai suna Analog Africa ya bi kasuwanni da gidaje ya tattaro tsofaffin fayafayai, ya sake fitar da su a 2012. Paraku ce fa, babban birnin arewacinmu. To ina ga makaɗan ƙauyukanmu na bakin kogi, masu goge da gurmi da kalangu, waɗanda suka yi wa masunta da manoman albasa da shinkafa waƙa, babu wanda ya taɓa kai su ɗakin ɗaukar murya? Wasunsu muryarsu tana nan a kaset ɗin biki ko na suna, cikin tsohuwar adaka, zafi da damina suna cin ta kowace shekara. Wasu kuma ba ta ko'ina sai a kan tsofaffin da suka saurare su.

Saboda haka muna roƙon masu bibiyar wannan shafi, na Garou da Malanville da sauran garuruwan yankinmu: wanda ke da tsohon kaset a gida, na Ɗan Maraya ne ko na makaɗin garinsu, ya fito da shi a juye shi a waya tun zaren bai tsinke ba. Wanda ke da kaka ko kakan da ya riƙe waƙa a ka, ya zauna kusa da shi ya ɗauka, ya rubuta sunan mawaƙin da garinsa da wanda aka yi wa waƙar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma idan mai ita ya tafi, abin da aka ɗauka ne kawai zai yi magana a madadinsa.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya kuma buɗe hanya ga yaran nan da ke kwana ƙarƙashin mota, ya kai su ranar da za su riƙe sitiyari da hannunsu.